Ilya Mechnikov

Ilya Ilyich Mechnikov (15 ga Mayu, 1845 – 15 ga Yuli, 1916), wanda Faransawa ke rubuta sunansa Élie Metchnikoff, masanin ilimin dabbobi ne da ƙwayoyin cuta, haifaffen Daular Rasha, wanda ya yi shekaru 28 na ƙarshen rayuwarsa yana aiki a Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris. Shi ne ya nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye ƙwayoyin cuta su narkar da su, kuma wannan haɗiyar hanya ce da jiki ke kare kansa. Saboda haka ake ɗaukarsa uban nazarin garkuwar jiki ta asali, wato wadda ake haihuwar mutum da ita. A shekarar 1908 ya raba kyautar Nobel ta fannin likitanci da Bajamushe Paul Ehrlich. Shi ne kuma ya raɗa wa ilimin nazarin tsufa sunansa na kimiyya, jerontoloji, a shekarar 1903. Tambayar da ya bari, ta yadda ƙwayoyin da ke kare jiki suke komawa suna cutar da shi idan shekaru sun ja, ita ce masana ke bincike a kai yau game da tsofaffi da masu ɗauke da cutar HIV.

Asali da karatu

An haifi Mechnikov a ƙauyen Ivanovka da ke lardin Kharkov, a yankin da yanzu yake cikin ƙasar Yukren. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Ilya Ivanovich, hafsa ne a rundunar dogaran Sarkin Rasha, mahaifiyarsa kuma Emilia 'yar marubucin nan Bayahude Leo Nevakhovich ce. Ya tashi a gonar iyalinsu da ke Panasovka, kuma mahaifiyarsa ce ta fi tasiri a kansa. Ita ta ba shi shawarar ya bi kimiyyar halittu maimakon likitanci, domin tana ganin zuciyarsa ba za ta jure ganin wahalar majinyata ba. Wannan zaɓin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, don likitoci ba su daina yi masa gorin cewa shi ba ɗan sana'arsu ba ne.

Biyu daga cikin yayyensa sun yi suna. Lev ya zama masanin labarin ƙasa, Ivan kuma ma'aikacin shari'a ne a garin Tula, wanda jinyarsa da mutuwarsa suka ba Leo Tolstoy abin da ya gina wani shahararren labarinsa a kai.

A shekarar 1856 ya shiga makarantar sakandare ta Kharkov, ya gama da lambar zinare. A 1862 ya tafi Würzburg a Jamus da niyyar shiga jami'a, amma ya isa ana hutu, kewar gida ta dame shi, ya juyo. Sai ya shiga Jami'ar Kharkov, inda ya kammala karatun shekara huɗu cikin shekara biyu, yana ɗan shekara 19.

Shekarun nazarin halittun teku

A 1864 ya tafi tsibirin Heligoland don nazarin ƙananan halittun teku. Daga nan ya wuce Giessen, ya yi aiki a ƙarƙashin Rudolf Leuckart, babban masanin tsutsotsin ciki na wancan zamani. A can ya gano yadda wata tsutsa ke sauya hanyar haihuwarta daga wani zubi zuwa wani. Leuckart ya wallafa sakamakon ba tare da ya ba saurayin haƙƙinsa yadda ya kamata ba, Mechnikov kuwa ya mayar masa da martani a rubuce a bainar jama'a. Wannan ita ce rigimarsa ta farko da manyan malamai, kuma ba ta zama ta ƙarshe ba.

Abin da ya fi muhimmanci daga zamansa na Giessen shi ne wani abu da ya gani a 1865 a jikin wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa. Tsutsar ba ta narkar da abincinta a cikin kogon ciki kamar yadda mutum ke yi. Ƙwayoyin halittar jikinta ne ke haɗiye gutsattsarin abincin ɗaya bayan ɗaya, narkewar ta faru a cikinsu. A lokacin ya ɗauki abin a matsayin batun cin abinci kawai. Sai bayan shekara 17 ya ga alaƙarsa da cuta.

A Naples ta Italiya ya haɗu da ɗan ƙasarsa Alexander Kovalevsky, suka yi aiki kan yadda tayin halittu marasa ƙashin baya ke girma. Sun nuna cewa shimfiɗun farko da tayi ke somawa da su suna kama da juna a tsakanin dabbobi masu ƙashin baya da marasa shi, abin da ya ƙarfafa ra'ayin Charles Darwin. A 1867 su biyun suka raba kyautar Baer. A shekarar aka ba shi aikin koyarwa a sabuwar jami'ar Odessa yana ɗan shekara 22, wasu ɗalibansa ma sun girme shi. Ya koma Saint Petersburg na ɗan lokaci, sannan ya dawo Odessa a 1870 a matsayin farfesan ilimin dabbobi.

Iyali

Ya auri Ludmila Feodorovitch a 1869. Tarin fuka ya riga ya ci jikinta, har sai da aka ɗauke ta a kujera zuwa coci ranar ɗaurin auren. Ya yi ta yawo da ita zuwa wurare masu ɗumi yana neman sauƙi, amma ta rasu a tsibirin Madeira a watan Afrilu na 1873. Idanunsa a lokacin sun yi rauni har ba ya iya duba madubin ƙara girman abu, ga talauci, ga rashin mata. Ya yi yunƙurin kashe kansa, bai mutu ba.

A 1875 ya auri Olga Belokopytova, wata matashiya da ya koya wa ilimin dabbobi a Odessa. Ta zama mataimakiyarsa a ɗakin bincike, tana yi masa zane-zane da fassara. A 1880 zazzaɓin taifot ya kwantar da ita har aka fitar da rai. Cikin damuwar wannan lokaci Mechnikov ya yi wa kansa allurar jinin wani mai fama da zazzaɓi mai komowa, wai don ya ga ko cutar na bin jini. Masu rubuta tarihinsa suna ɗaukar abin a matsayin yunƙuri na biyu na halaka kansa. Ya kamu da cutar, ya sha wuya, ya warke, kuma bayan nan baƙin cikin da ya daɗe yana damunsa ya ragu sosai. Ba su haihu ba. Olga ce ta rubuta tarihin rayuwarsa da aka buga da Faransanci a 1920, ta kuma rayu har 1944.

Messina da gano fagosait

Bayan kisan Sarki Alexander na Biyu a 1881, gwamnati ta matsa wa jami'o'in Rasha, ana korar ɗalibai ana sa wa malamai ido. Mechnikov ya ajiye aikinsa a 1882. Gadon da Olga ta samu daga iyayenta ya ba su abin rufin asiri, suka ƙaura zuwa Messina a tsibirin Sisili tare da ƙannenta, ya mayar da falon gidan haya ɗakin bincike.

Abin da yake dubawa a lokacin shi ne jariran tauraron teku, wata halitta mai hannaye biyar. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana iya ganin abin da ke gudana a ciki suna raye. A cikinsu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu yawo, waɗanda ke haɗiye ɗigon launi idan an zuba musu. Bisa labarin da shi kansa ya bayar daga baya, wata rana a ƙarshen 1882 mutanen gidan sun tafi kallon wasan birai, shi kaɗai ya rage a gaban madubinsa, sai tunani ya zo masa cewa mai yiwuwa waɗannan ƙwayoyin ba abinci kawai suke ci ba, suna kuma tare baƙon abu da ya shigo jiki. Idan haka ne, ya kamata su taru a kan duk abin da ya soki halittar, kamar yadda mugunya ke taruwa a yatsan da ƙaya ta shiga. Ya tsinko ƙayoyin wardi daga lambun gidan, ya soka su a jikin jariran. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayoyin zobe.

Muhimmancin gwajin yana cikin zaɓin halittar. Jaririn tauraron teku ba shi da jijiyoyin jini. Tun 1867 Julius Cohnheim ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini na fita daga jijiyoyi zuwa wurin da ya kumbura, amma an ɗauka lalacewar bangon jijiya ce ke sa su zubowa. Waɗanda suka ga ƙwayoyin cuta a cikin fararen ƙwayoyin jini kuma sun ɗauka cutar ce ta shige su tana amfani da su wajen yaɗuwa. Mechnikov ya juya fahimtar gaba ɗaya. A wurinsa ƙwayoyin da kansu suke tafiya wurin rauni, su ne ke kai hari, kumburi kuma aikin warkarwa ne ko da yana da zafi.

Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka na Jamus, ya zo Messina a 1883, ya duba aikin, ya ƙarfafa masa gwiwa tare da jan kunnensa cewa likitoci ba za su karɓa da sauƙi ba. A Vienna, Farfesa Carl Claus ya taimaka wajen samo sunan fagosait daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ci da ƙwayar halitta. A shekarar ya gabatar da ra'ayin a taron masana da likitoci a Odessa.

Ƙaya ba cuta ba ce, don haka ya nemi hujja daga cuta ta gaske. A 1884 ya wallafa bincikensa kan ƙumar ruwa, wata ƙaramar halitta mai jiki garau, wadda wani nau'in yis mai tsini kamar allura ke kamawa. Ya ga cewa idan fagosait suka cinye tsiniyoyin da suka huda hanjinta, ƙumar na rayuwa. Idan suka yi musu yawa, yis ɗin ya yaɗu ta mutu. Yis ɗin yanzu yana ɗauke da sunansa, Metschnikowia. Daga baya ya raba fagosait na dabbobi masu shayarwa gida biyu: manya da ya kira makrofaj, masu zama a saifa da hanta da sauran sassan jiki, da ƙanana da ya kira mikrofaj, waɗanda yau ake kira niyutrofil.

Odessa zuwa Paris

A 1886 aka naɗa shi shugaban tashar nazarin ƙwayoyin cuta ta Odessa, wadda aka kafa don yin rigakafin cizon mahaukacin kare ta hanyar Louis Pasteur. Zaman bai yi daɗi ba. Likitocin garin sun ƙi yarda da shugaban da bai karanta likitanci ba. Sannan wata allurar rigakafin antiraks da mataimakansa suka yi wa garken wani mai gona ta kashe dubban tumaki lokacin da ba ya nan, laifin kuma ya faɗo kansa.

Ya zagaya Turai yana neman wurin aiki. Robert Koch ya karɓe shi da sanyin fuska a Berlin. Pasteur kuwa ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa. Ya koma Paris a 1888, ya yi shekaru yana aiki ba albashi, suna dogaro da kuɗin gonakin Olga. A 1904 ya zama mataimakin shugaban cibiyar a ƙarƙashin Émile Roux. Ɗakinsa ya tara matasa daga ƙasashe da dama, cikinsu har da Jules Bordet na Beljiyam, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1919, da Alexandre Besredka, da Ion Cantacuzino na Romaniya.

Jayayya da masanan Jamus

Kusan shekara 20 aka yi ana ja-in-ja kan abin da ke kare jiki: ƙwayoyin halitta ko ruwan jini. Ɓangaren Jamus yana da hujjoji masu ƙarfi. A 1888 George Nuttall ya nuna cewa ruwan jini shi kaɗai na iya kashe ƙwayoyin cuta. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka gano cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi na ɗauke da abin da ke karya dafin mashaƙo da na tetanus, kuma ba da jimawa ba aka soma ceton yara da shi. A 1894 Richard Pfeiffer ya nuna ƙwayoyin kwalara na narkewa a cikin dabbar da aka yi wa rigakafi ba tare da an haɗiye su ba. Masu sukar Mechnikov sun ce fagosait masu shara ne kawai, suna kwashe gawarwakin da ruwan jini ya riga ya kashe. Gabar da ke tsakanin Faransa da Jamus tun yaƙin 1870 ta ƙara wa muhawarar zafi.

Mechnikov ya amsa kowace suka da sabon gwaji, ya nuna cewa fagosait na haɗiye ƙwayoyin cuta da ransu da ƙarfinsu. Ya tattara ra'ayinsa a littafinsa kan kumburi na 1892 da kuma babban littafinsa kan garkuwar jiki na 1901. Ya kan wuce gona da iri, domin ya so ya mayar da kusan komai aikin fagosait, har da abubuwan da ke cikin ruwan jini. A 1903 Almroth Wright da Stewart Douglas a Landan suka nuna cewa wasu sinadaran ruwan jini na lulluɓe ƙwayar cuta, su sa ta yi wa fagosait sauƙin haɗiya. Ashe ɓangarorin biyu aiki ɗaya suke yi. Kyautar Nobel ta 1908 da aka raba tsakaninsa da Ehrlich, jagoran nazarin antibodi, ta tabbatar da haka. Kafin nan, a 1906, ya samu lambar Copley ta ƙungiyar masanan Ingila.

Kwalara da tunjere

Lokacin annobar kwalara ta farkon shekarun 1890 ya sha ruwan da aka raini ƙwayoyin cutar a ciki, bai kamu ba. Wasu masu sa kai suka bi sahunsa, ɗaya daga cikinsu ya kusa mutuwa, abin da ya girgiza shi matuƙa. Irin wannan gwaji ba zai samu izini a yau ba. Amma daga nan ya fara zargin cewa ƙwayoyin da ke zaune a hanjin mutum ne ke sa wani ya kamu wani ya tsira.

A 1903 shi da Roux suka yi nasarar sa wa biran cimfanzi cutar tunjere, abin da ya buɗe hanyar nazarinta a ɗakin bincike shekara biyu kafin a gano ƙwayar da ke kawo ta. Sun kuma nuna cewa man shafawa mai kalomel, wani sinadarin zaiba, na hana kamuwa idan an shafa shi da wuri. Rundunonin soja sun yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Nazarin tsufa

Da ya haura shekara 50 hankalinsa ya koma kan tsufa. Bai ɗauke shi ƙaddarar da ba a taɓawa ba. A ganinsa tsufan da mutane ke yi wata doguwar cuta ce da ke zuwa kafin lokacinta. Ya duba gashi da ƙwaƙwalwa da ƙashin tsofaffin mutane da karnuka da aku, ya ce ya ga makrofaj suna cin ƙwayoyin da suka yi rauni: suna kwashe launin gashi ya zama furfura, suna cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna rarake ƙashi, tabo mai tauri kuma yana maye gurbin naman da ya ɓace. Masu gadin jiki, a fahimtarsa, su ne ke komawa kansa a ƙarshe.

Ya ɗora laifin farko kan babban hanji. Ya ce ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci a can suna fitar da guba, irin su finol da indol, gubar na shiga jini a hankali, tana raunana sassan jiki tana kuma taurara jijiyoyi. Ya bayyana wannan a littafinsa kan ɗabi'ar ɗan Adam na 1903 da na 1907 kan tsawaita rayuwa. Maganin da ya kawo shi ne nono mai tsami, domin tsamin da ƙwayoyin nono ke samarwa na hana masu ruɓarwa yaɗuwa. Ya kafa hujja da rahotannin yawan masu dogon rai a ƙauyukan Bulgeriya, da kuma ƙwayar da wani ɗalibi ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, ya ware daga kindirmonsu a Geneva a 1905. Shi kansa kullum sai ya sha, ya daina cin ɗanyen abu, ba ya shan giya ko taba.

Jaridun Turai da Amurka suka ɗauki maganar suka kambama ta fiye da abin da ya faɗa, kindirmo ya zama abin yayi, ana sayar da shi har a shagunan magani. Kamfanin Danone da aka kafa a Barcelona a 1919 da Yakult na Japan na 1935 duk sun tashi ne a kan wannan tunani. Ƙwayoyin da ya yaba dangi ɗaya ne da waɗanda ke tsamar da nonon da matan Fulani ke talla da fura a Kakuri ko Sabon Tasha. Sai dai shi ya nace a tafasa madara kafin a zuba mata irin, kuma yana da gaskiya, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fukan shanu da cutar burusela.

Ba duk abin da ya faɗa ya tsaya ba. Lissafin shekarun tsofaffin Bulgeriya ba abin dogaro ba ne. Binciken shekarun 1920 ya nuna ƙwayar Bulgeriya ba ta zama a hanjin mutum. Furfura na zuwa ne saboda ƙwayoyin da ke yin launi sun ƙare, ba don an cinye launin ba. Ra'ayinsa na cewa babban hanji ba shi da amfani kuskure ne, kuma ya ba wasu likitocin fiɗa, irin su Arbuthnot Lane na Landan, ƙarin hujjar cire hanjin mutanen da ba su bukatar haka.

A watan Mayu na 1909 ya ziyarci Tolstoy a gidansa na Yasnaya Polyana. Sun wuni tare cikin mutunci, amma ba su daidaita ba, domin Mechnikov ya dogara ga kimiyya wajen magance tsoron mutuwa, Tolstoy kuma ga imani da gyaran hali.

Rasuwa

Ciwon zuciya ya fara kama shi da ƙarfi a 1913. Ɓarkewar yaƙi a 1914 ta karya masa gwiwa: matasan cibiyar sun tafi fagen daga, an kashe dabbobin gwaji saboda rashin abinci, bincike ya tsaya. Da jikinsa ya tsananta aka ɗauko shi daga gidansa na Sèvres zuwa cibiyar, daga baya aka kwantar da shi a ɗakunan da Pasteur ya zauna. Ya rasu ranar 15 ga Yuli, 1916, yana da shekara 71. Ya san mutane za su ce nono bai tsawaita masa rai ba, ya kuma riga ya amsa cewa ya fara tsarin ne a makare, kuma mutanen gidansu ba su cika yin tsawon rai ba. Ya roƙi a duba hanjinsa da kyau bayan ya mutu. An ƙona gawarsa bisa wasiyyarsa, tokar tana ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur.

Tasirinsa kan binciken tsufa da HIV

Bayan rasuwarsa nazarin antibodi ya mamaye fagen na tsawon shekaru, aka bar fagosait a baya. Sun dawo ne bayan Charles Janeway ya kawo ra'ayi a 1989 cewa ƙwayoyin garkuwa ta asali suna da na'urorin gane alamomin ƙwayoyin cuta. Jules Hoffmann ya tabbatar da haka a jikin ƙuda a 1996, Bruce Beutler kuma a jikin ɓera a 1998, suka shiga cikin waɗanda suka ci Nobel ta 2011.

A 2000 Claudio Franceschi na Italiya ya bayyana wani ƙaramin kumburi mara zafi da ke ɗorewa a jikin tsofaffi. Niyutrofil na tsoho ba sa nufar wurin cuta kai tsaye kamar na yaro, haɗiyarsu da kisansu na raguwa, amma monosait da makrofaj suna ci gaba da fitar da sinadaran kumburi ko babu cuta. Garkuwar ta yi rauni wajen aikinta, ta kuma ƙi hutawa. Wannan na da hannu a toshewar jijiyoyin zuciya, ciwon suga, raunin ƙashi da mantuwa. Bayanin ya bambanta da na Mechnikov a dalla-dalla, amma wanda ake zargi bai canja ba.

A cibiyar da ya yi aiki ne Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka ware ƙwayar HIV a 1983, aka ba su Nobel a 2008, shekara 100 cif bayan tasa. An fi sanin HIV da kashe ƙwayoyin CD4 na garkuwar da jiki ke koya, amma tana shiga makrofaj ma ta ƙofofin CD4 da CCR5. Makrofaj ba sa saurin mutuwa, don haka suna cikin wuraren da cutar ke iya ɓuya, har a ƙwaƙwalwa. Tun makonnin farko HIV na lalata garkuwar bangon hanji. A 2006 Jason Brenchley da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓurɓushin ƙwayoyin hanji na tsallakawa cikin jinin masu cutar, yana tayar da monosait ba dare ba rana. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Mechnikov ya yi zato game da guba daga hanji, ko da yake hanyar ba wadda ya zana ba ce. Bincike ya kuma nuna cewa monosait na matasa masu HIV suna kama da na tsofaffin da ba su da ita, kuma maganin rage ƙarfin cutar na rage wannan tashin hankalin sosai amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Ƙidayar NAIIS ta 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da HIV, an kuma ƙiyasta masu ita a ƙasar sun kai kusan miliyan 1.9. Shirin gwamnati na ba da magani ya fara a 2002, ya zama kyauta daga 2006, don haka da yawa daga waɗanda suka fara sha a wancan lokaci, a Kaduna da sauran birane, yanzu sun haura shekara 50. A jikinsu tsufa da HIV suna matsa wa ƙwayoyi iri ɗaya, shi ya sa likitoci ke auna musu hawan jini da suga da lafiyar ƙoda tare da yawan ƙwayar cutar. Gwajin START na 2015 ya nuna fara magani da wuri na rage munanan cututtuka da mutuwa. Gwajin REPRIEVE na 2023 kuma ya nuna maganin rage kitsen jini mai suna pitavastatin ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu da kashi 35 cikin ɗari a tsakanin masu HIV 'yan shekara 40 zuwa 75. Kindirmo da ƙwayoyin hanji na kwalba, waɗanda aka gwada a ƙananan bincike da dama, ba su nuna irin wannan amfanin ba, kuma ba sa maye gurbin maganin HIV.